Kan Burtu a Goshin Korau

Tun zamanin da daji yake farawa daga bayan danga, an yi wani maharbi a ƙauyen Gangaren Kanya, sunansa Korau. Bai fi sauran maharba ƙarfi ba, amma a wajen sanɗa babu kamarsa. Maharban ƙasar suna da wata dabara. Sukan ɗaura kan burtu a goshi, wato babban baƙin tsuntsun nan mai dogon baki da ke kiwo a ƙasa, su lulluɓa da baƙin zane, su sunkuya suna tafiya suna caccakar ƙasa. Barewa da gada ba sa gudun burtu, saboda haka sai maharbi ya matsa har inda kibiyarsa za ta kai. Korau a wurin mahaifinsa ya gaji nasa kan burtun, da shi kuma ya yi suna.

Sana'ar tana da doka. Ba a kashe burtu don a sami kansa, sai dai a tsinci wanda ajalinsa ya zo. In kuwa dole ta sa, to, ba a taɓa wanda yake riƙe da abinci a baki bai haɗiye ba, domin abincin ba nasa ba ne. Matarsa tana kwance a kan ƙwai cikin kogon itace, shi yake ciyar da ita. Duk ɗan maharbi ya san wannan tun kafin ya iya ɗana kibiya.

Wata shekara, da faɗuwar damina, Sarkin Baka, shugaban maharban ƙauyen, ya aika wa maharban wani gari su zo nan da kwana bakwai su ga sanɗar Korau. Korau ya je ɗauko kan burtunsa a bayan randa, inda ya jefa shi tun rani, sai ya tarar gara ta cinye shi, saura madaurin fata kawai. Da ya je ya faɗa, da an ara masa wani, an yi masa ba'ar yini ɗaya an manta. Amma bai iya jure a ce ya bar gara ta ci gadon ubansa ba. Ya saɓi baka ya shiga daji bai gaya wa kowa ba.

A rana ta biyu ya hangi wani burtu namiji, mai jan maƙogwaro, yana sauri da ƙadangare a baki. Korau ya ga ƙadangaren sarai. Ya ɗaga baka, ya sauke, ya tuna da baƙin da ke tafe, ya sake ɗagawa. Ya yanke kan, ya busar da shi da hayaƙi a wata bukkar gona, ya ɗinke shi da tsohon madaurin.

Ranar farauta, da hantsi, aka hangi garken bareyi. Baƙi suka laɓe suna kallo. Korau ya ɗaura kan a goshi, ya sunkuya, ya yi taki uku. Sai idanun kan suka buɗe. Bakin ya wage, wani kuka ya fito mai zurfi kamar ana kaɗa ganga a cikin rijiya. Can daga nesa, wajen gabas, wata murya ta amsa a raunane. Bareyi suka watse. Korau ya kai hannu zai kwance madaurin, ya ji ya nutse cikin naman kansa. Ya ja zane ya rufe fuska, ya bi ta bayan gonaki a guje har gida.

Matarsa Tasalla ta sakaya ƙofa. Ta shafa man shanu, ta zuba ruwan ɗumi, ta sa aska, sai jini ya fito kamar ta yanki fatarsa. Kafin azahar baƙin gashin tsuntsu ya rufe masa gira da hanci, maganarsa ta koma fita ta dogon bakin, ko goshin da zai kai ƙasa ya yi salla babu. Ta tambaye shi inda ya samo kan. Ya ce tsinta ya yi. Ta sake tambaya, ya ce saya ya yi a wurin wani baƙo. Ba ta sake tambaya ba, ta zauna kawai tana dubansa, har ya faɗi gaskiya da kansa.

"Da abinci a bakinsa?" in ji ta.

"Da shi."

 Ta tashi ta ƙulla masa gumba a tsumma, ta ce ya bi muryar da ta amsa, domin maganin abin nan ba ya cikin gidan nan. In an tambaye ta za ta ce maigida ya yi tafiya, ba za ta ƙara ba, ba kuma za ta rage ba. Korau ya fita ta ɓarakar danga, kamar ɓarawo a gidansa.

Kan yana jansa gabas, shi kuwa yana bi. Bayan kwana uku ya iso wurin wasu giginyu biyu, mace da namiji, kawunansu a haɗe, gindinsu a manne. A ƙarƙashinsu wani aljani da matarsa suna zaune baya da baya, tsawon kowannensu ya kai rumbu uku. Shi yana kallon duniyarmu, ita tana kallon wata. Korau ya durƙusa ya yi sallama.

Aljanin ya amsa, ya ce, "Ɗan Adam, bayan itatuwan nan Ƙasar Biyu-biyu ce. Tun da aka kafa ta ba a taɓa shigarta ɗaiɗai ba. Ina abokin tafiyarka?"

"Ranka ya daɗe, ni kaɗai ne."

Aljanar ba ta waiwayo ba. Ta ce, "Duba da kyau, maigida. Su biyu ne, wanda aka kashe da wanda ya kashe shi. Buɗe musu."

Giginyun suka rabu a hankali, suna ƙara kamar masu jin ciwo. Aljanin ya gargaɗe shi cewa wannan shi ne karo na farko kuma na ƙarshe da zai ratsa tsakanin biyu. In ya kuskura ya sake, ƙasar ba za ta mayar da ko ƙashinsa ba.

Da shigarsa ya faɗa wani kwari cike da kunamu, kowace girmanta ya kai akuya. Lokacin neman aurensu ne. Namiji ya riƙe hannuwan mace, yana ja tana ja, suna kai da kawowa a kan yashi, ƙari a ɗage. Babu hanya sai ta cikinsu. Korau ya riƙa jira sai biyu sun gota, ya yi taki ɗaya, ya sake jira. Da rana ta take, ƙishirwa ta ishe shi, ya ga wasu biyu sun ɗan saki juna, ya zura ƙafa zai wuce. Ƙari biyu suka sauko tare. Ya faɗa da baya, suka sami bakansa, itacen ya rabe gida biyu yana hayaƙi. Daga nan bai ƙara gaggawa ba. Kwarin da bai fi jifa biyu ba sai da ya ci masa yini guda.

Washegari ya iso bakin wani kogi mai faɗi, ba gada, ba kwalekwale, kadoji sun jeru da bakuna a buɗe. A kan kogin rassan itatuwa sun sunkuyo, cike da sheƙunan kabare, tsuntsayen nan masu ruwan ɗorawa da ke saƙa gidansu da ciyawa. Mazan suna reto a ƙarƙashin sheƙa suna kaɗa fiffike, matan suna bi suna dubawa. Sheƙar da ba ta yi musu ba sai su tsinke ta ta faɗa ruwa, namijin ya sake sabuwa ba tare da ya yi ƙorafi ba. Wata tsohuwar kabare ta gaya wa Korau cewa ba a ƙetare kogin nan sai a cikin sheƙa. Ta ce ya saƙa tasa, in ta karɓa, za su ɗauke shi a ciki.

Korau ya yanko gamba ya saƙa wani babban kwando. Tsohuwar ta leƙa, ta ja zare ɗaya, ya warware. Ya saƙa na biyu mai ƙarfi, ya ɗaura a reshe. Ta shiga ta fito, ta tsinke shi, kada ya cafe. Tsuntsaye dubu suka fashe da dariya, wani ya ce wannan ko ƙadangaruwa ba za ta aure shi ba. Da ta tsinke na uku sai ta tambaye shi wa yake saƙa wa. Ya ce kansa. Ta ce ai ta gani, wurin zama ɗaya ne, ciki kuma duk tsinke, ruwa zai shiga ta sama. Korau ya tuna ɗakin Tasalla damina biyu ke nan yana yoyo, tana tara ƙwarya a kan gado, shi kuwa kullum yana cewa gobe. Ya sunkuyar da kai ya sake saƙa, ya faɗaɗa ciki, ya shimfiɗa audugar rimi, ya ninka rufin sau uku. Tsohuwar ta daɗe a ciki. Da ta fito ba ta yaba ba, ta dai ce a ɗauke shi. Kabare ɗari bakwai suka kama zaruruwan suka tashi da shi, numfashin kadoji yana dukan ƙasan sheƙar har suka sauka a ɗaya gaɓar.

Bayan kogin akwai wani fili kore, a tsakiyarsa birni marar ganuwa. Komai na cikinsa biyu ne. Rijiyoyi biyu-biyu, inuwa biyu-biyu, kurciyoyi suna gyara wa juna gashin wuya, diloli miji da mata suna tafe kafaɗa da kafaɗa. Duk inda Korau ya bi sai hira ta tsaya, a juyo ana kallonsa. Aka kai shi gaban alƙalan ƙasar, wasu tsofaffin gauraki biyu masu tukkun zinariya, waɗanda suka shekara ɗari uku tare. Tsabar daɗewa, in namijin ya fara magana macen ce ke ƙarasawa.

"Ɗan Adam, wane ne wannan a goshinka," in ji namijin.

"Kuma me yake riƙe da shi ranar da ka gan shi?" in ji macen.

Korau ya faɗa. Sannan, da yake mai nutsewa ko kaifin takobi ya samu kamawa yake yi, ya ce ai shi ma burtun ya kashe ƙadangare, wataƙila ƙadangaren yana da iyali.

"Burtu ya kashe ƙadangare don yunwa. Kai ma bareyin da ka harba don yunwa,"

"ba mu kira ka a kansu ba."

"Wannan kuwa ka kashe shi ne,"

"don kada a ji gara ta ci gadon ubanka."

Wani dila ya yi dariya, matarsa ta taka masa ƙafa. Abin da Korau ya ɓoye wa ƙauye ɗaya, yau halittun ƙasa guda sun ji shi. Ya so ƙasa ta tsage ya shige.

Alƙalan suka bayyana masa yadda al'amarin yake. Madaurin ba mai iya kwance shi sai matar mamacin, da bakinta, kuma sai ta ji abin da ya yi daga bakinsa shi kansa. Gashin da ke tsiro masa kullum sauka yake yi. Ranar da ya kai cibiya ya zama burtu har abada, marar mata, wanda zai yi ta kira ba mai amsawa. Suka ce ba su ɗaure shi ba, in ya so ya je yau ya faɗa mata. Amma ya sani, al'adar burtu ce in aka faɗa wa mace mutuwar miji, dole ta fasa kogonta nan take ta fita takaba kwana bakwai. Ƙwai ɗaya gare ta, saura kwana ashirin da takwas ya ƙyanƙyashe. Ɗan tsako kowa na iya riƙonsa, amma ƙwai ba ya karɓar ɗumin kowa sai na uwarsa. Korau ya tambayi kwana nawa gashin zai yi kafin ya kai cibiya. Suka ce ya danganta da mutum, wani talatin, wani ya ɗan wuce, wani bai kai ba.

Aka nuna masa wata tsohuwar kuka a bayan birni. Bakin kogonta a liƙe yake da laka da ganye, an bar wata tsaga da ba ta fi faɗin tafin hannu ba. Korau ya taho da niyyar ya faɗa ya huta. Da ya matso sai ya ji numfashi a ciki, sama-sama. Kwana goma sha biyu ke nan ba abin da ta ci sai tururuwar da ke bi ta bangon kogon.

"Maigida, kai ne?" in ji muryar. "Ka daɗe."

Korau ya ja da baya. Ya juya ya nufi fadama. Ba baka, ba kibiya, hannuwansa kuma sun fara ƙanƙancewa, sai ya yi farauta da baki kamar yadda ya shekara ashirin yana kwaikwayo. Ashe kwaikwayo daban, yi daban. Sai da ya sari laka sau talatin kafin ya kama kwaɗo ɗaya. Ya kawo ya miƙa ta tsagar, idonsa a ƙasa. Ta karɓa ta ce, "Sannu, maigida."

Ya ce a ransa gobe zai faɗa, in ta ɗan yi ƙarfi. Gobe ta zo bai faɗa ba. Haka kwanaki suka yi ta wucewa. Ya koyi tona fara da kama ƙadangare. Wata rana ya yi kokawa da kububuwa a bakin suri, ta sare shi a fiffiken da ya fara tsiro masa a kafaɗa, ya yini yana rawar ɗari, amma da la'asar ya ja jiki ya kai mata rabinta. Kowace safiya kan da ke goshinsa yakan yi kukan nan mai zurfi ba da izininsa ba, ita kuma ta amsa daga ciki, murya biyu su haɗu har maƙwabta su ce madalla. Kowace safiya kuma yakan auna gashin da yatsa. Ya wuce wuya, ya wuce ƙirji.

Abin da ya fi sarar kububuwa ciwo shi ne hirarta. In ta ci ta ƙoshi sai ta fara tuna masa. Ta ce ko ya tuna ranar da ya fara zuwa zance, ya hura jan maƙogwaronsa har ya kusa fashewa, yana dukan ƙasa da fiffike, ƙura ta shaƙe shi ya yi ta tari, ita da ƙannenta suna dariya? Ta ce damina uku ya yi yana kawo mata kyauta a naɗe cikin ganye, ita kuwa tana zubarwa. Ranar da ta fara karɓa, katantanwa ce ƙarama, amma ya yi ta zagaya kukar nan da gudu kamar an ba shi sarauta. Ta ce shekara goma sha tara suna tare, ƙwai shida suka yi, biyu kawai suka rayu, wannan kuwa tana jin shi ne na ƙarshe. Korau yakan tsaya a waje yana gyaɗa kan da ba nasa ba. Wani lokaci yakan gaya wa kansa cewa tausayin ƙwan ne ya sa ya yi shiru. Wani lokaci kuma ya ga tsoro ne kawai, irin wanda ya hana shi zuwa wurin Sarkin Baka. Bai taɓa iya rabe ɗaya daga ɗaya ba, wannan ma ya ƙara masa kunya.

Ran kwana ashirin da takwas ƙwan bai fashe ba. Ran ashirin da tara ma shiru. Gashi ya rage yatsa uku ya kai cibiya, ƙafafunsa sun fara yin ɓawo, sunan ƙauyensu ma sai ya yi tunani kafin ya tuno. Ya zo bakin tsagar sau biyu da maganar a baki, sau biyu yana jin ta tana juya ƙwan a hankali tana yi masa waƙa, ya haɗiye ya koma fadama. Ran talatin da ɗaya da safe ya ji wani ɗan siririn kuka a cikin kogon. Ya ƙara kwana biyu, har ɗan ya iya haɗiyar fara da kansa. Sannan ya zo da hantsi, bakinsa ba komai, saura yatsa ɗaya.

Ya tsaya a gaban tsagar ya ce, "Baiwar Allah, ni ba mijinki ba ne. Sunana Korau, maharbi ne ni daga Gangaren Kanya. Ni na harbe shi yana kan hanyar kawo miki abinci. Na ga abincin, na san doka, kuma ba yunwa nake ji ba."

Ɗan tsakon ya yi kuka a ciki.

"Na sani," in ji ta. "Tun ranar farko na sani. Mijina in ya miƙo mini abinci cikin idona yake kallo."

Ta ci gaba da magana.

"Ba a faɗa mini ba, saboda haka takaba ba ta hau kaina ba. Kullum in na ji takunka sai in roƙi Allah ya kama bakinka har ɗana ya fito. Na ci daga bakin da na sani, a wuyan da ban sani ba, na kira ka maigida. Kada ka ɗauka kai kaɗai ne ka kwana da kunya a gindin kukar nan. Labaran da na riƙa ba ka kuwa, so na yi ka san wanda kake ɗauke da shi."

Ta tambaye shi saura nawa gashin ya kai. Ya ce yatsa ɗaya.

"To, ka ga in na yi shiru kwana ɗaya ko biyu, ɗana ya sami mai ciyar da shi har ya girma. Babu alƙalin da zai ce na yi zalunci."

"Gaskiya ne," in ji Korau. "Ba ni da bakin roƙo."

Ba ta sake magana ba. Korau ya tsaya a wurin, bai zauna ba, bai tafi ba. Rana ta hau tsaka, ta karkata. Yana jin gashin yana tsiro a cikinsa kamar tafiyar ƙwaro. Ya yi ƙoƙarin tuno fuskar Tasalla, ya samu da ƙyar.

Da la'asar sakaliya ya ji sara daga ciki. Lakar ta tsage, ta zube. Matar burtu ta fito, karo na farko da ya gan ta. Ta rame har ƙashin ƙirjinta ya fito, gashinta rabi ya zube, ƙafafunta suna rawa don daɗewa a zaune. Ta kira kurciyoyi biyu maƙwabtanta ta ba su amanar ɗan. Sannan ta juyo ta ce masa ya sunkuya.

"Ba yafe maka na yi ba, ɗan Adam. Wannan ba yau ba, ban kuma san ranar ba. Fuskar mijina ce ba zan iya ci gaba da gani a jikinka ba."

Ta sa baki ta kama madaurin ta ja. Ya fita daga naman ba jini. Gashin ya zube daga jikin Korau kamar ganyen kaka, hannuwansa suka miƙe, iska ta taɓa goshinsa. Ta ɗauki kan ta sa a ƙarƙashin fiffikenta, ta gyara masa gashin ido da baki. Har ta juya sai ta tsaya ta tambaya ko ya sha wuya.

"Kibiya ɗaya ce," in ji Korau. "Bayan ya faɗi ya ja jiki taki bakwai, ya fuskanci wajen nan."

Ta gyaɗa kai. Ya ce in ta yarda zai riƙa kawo wa ɗan nama duk kasuwa. Ta ce a'a, ya tafi, akwai wadda take jiransa, kada ya ƙara mata kwana. Ta bi ta cikin ciyawa a hankali har ta ɓace masa.

Hanyar dawowa ba ta yi tsawo ba, domin ƙasar ba ta riƙe wanda ta sallama. Ya yi taki kaɗan ya gan shi a bayan gonakin Gangaren Kanya, dawa ta kai ƙugu. Wannan karon ta ƙofa ya shiga. Tasalla tana daka. Ta dube shi, ta ajiye taɓarya, ta ɗebo ruwa ta durƙusa ta ba shi. Ta gaya masa cewa sau biyu dangi suna zuwa za su yi mata gaisuwar mutuwa tana mayar da su. Har yanzu ba wanda ya san komai, baƙin nan ma sun tafi da zaton iskokin daji ne suka buɗe masa ido. In ya yi shiru, maganar ta mutu.

Korau ya sha ruwan, ya ce ya gode, amma ya gaji da shiru. Ya fita ya nufi ƙofar gidan Sarkin Baka, inda maharba suke zama bayan la'asar. Suka tashi da murna za su rungume shi, ya roƙe su su zauna. A tsaye ya faɗi komai, ya fara daga bayan randa, bai tsallake ƙadangaren ba. Wasu suka kau da kai. Wani tsoho da suka yi farauta da mahaifinsa ya share ido da bakin riga.

Sarkin Baka bai zage shi ba, da ya zage shi da ya fi masa sauƙi. Ya daɗe yana kallon ƙasa, sannan ya matsa gefe ya buɗe masa wuri a kan tabarma. Korau ya dubi wurin, ya ce tukuna, ranka ya daɗe. Ya zauna a ƙasa, a bakin tabarmar.

A nan labarin ya tsaya. Allah ya kiyashe mu da rufe ƙaramar kunya da babba.